Ɗan Farin Gwaggo Safiyatu

Idan ka bar Jibiya ka nufi Magama da hantsi, kafin ka kai shingen kwastan za ka ga wata rumfar kwano a hannun hagu, an jera buhunan aya a gabanta, wani dogon mutum na zaune a kujerar roba da tabarau a kan hanci yana karanta jaridar shekaranjiya. Alhaji Kalilu ke nan. Mutanen gari Jakada suke ce masa. Ni kuwa Jakadan Aya nake ce masa a gaban kowa, kuma ba yadda zai yi da ni, don taubashina ne. Uwarsa, Gwaggo Safiyatu, ƙanwar babana ce ciki ɗaya. Ni ce Salmatu. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da 'yan firamare, saboda haka in surutuna ya yi yawa a yi mini uzuri.

Mutumin nan ya zauna teburi ɗaya da ministoci, ya hau jirgin sama har ya gaji da hawa. Amma ni da na san shi tun muna wasan ƙasa, na san abin da ya fi so a duniya bai taka kara ya karya ba a wurin wasu. So yake uwarsa ta dube shi ta yi masa magana, shi da kansa, ba ta bakin kowa ba. Sai da ya kai shekara sittin da ɗaya yana jiran wannan.

Shi ne ɗan farinta. Kowa ya san kunyar ɗan fari, kuma yawancin mata sukan sassauta in shekaru sun ja, jikoki sun zo. Ta Gwaggo ba ta taɓa sassautawa ba. A Tsamiyar Manu aka haife ta, wani ƙauye a ɓangaren Nijar, kilomita tara daga Magama, kuma matan gidansu da wannan kawaicin aka san su. Aure ya kawo ta Riko, nan ƙasar Jibiya. Ana yaye Kalilu kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, to amma gida ɗaya ne, tsakar gida kawai ta raba ɗakin kakar da na Gwaggo. Ya tashi yana ganin uwarsa kullum, tana goya ƙannensa, tana yi musu faɗa, tana tsefe wa ƙanwarsa Luba kai, shi kuwa ko sunansa bai taɓa ji a bakinta ba. "Ɗan Tsohuwa" take cewa. Shi ma da ya ji muna ce mata Gwaggo sai ya bi sahu.

Innata ta ba ni labarin ranar da kunama ta harbe shi yana ɗan shekara shida. Yana ta birgima a ƙasa yana ihu, Gwaggo tana surfe, tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Ba ta ajiye taɓarya ba. Cewa kawai ta yi, "Wani shi duba ɗan Tsohuwa." An yabe ta ƙwarai a kan wannan, har maƙwabta. Innata ta ce ita dai abin da ta gani, geron da ake so a surfa sai da ya koma gari a turmi, Gwaggo ba ta ma lura ba.

Duk saƙon da ke tsakaninsu Luba ce mai kaiwa, ita kuwa tun tana ƙarama Allah ya yi ta da wayo. In Gwaggo ta ce, "Hwaɗa ma ɗan Tsohuwa yawonshi ya yi yawa," sai Luba ta je ta ce masa, "Inna ta ce rana ta yi zahi, ka shigo inuwa." Kalilu ya sha gaya mini cewa duk aikin da ya yi a rayuwarsa a wurin Luba ya koya, kuma bai kamo ƙafarta ba.

Ya gama sakandare a Katsina, aka ba shi aikin akawu a ƙaramar hukuma. Shekara ɗaya ya yi ya ajiye, ya ce kujerar na sa masa ciwon baya. Mu dai mun san ba baya ba ne, ƙafa ce ke yi masa ƙaiƙayi. Ya sayi keke, ya shiga ɗauko aya daga ƙauyukan Ɗan Isa, can Nijar, yana kawowa Jibiya ranar kasuwa, buhu biyu, ɗaya a baya ɗaya a kan ƙarfe, shi yana turawa a ƙasa. Daga keke ya koma amalanke, daga amalanke ya koma hayar mota, har ya zamana a lokacin kaka ana loda masa manyan motoci zuwa Kano da Onicha. Faransancinsa na farko a bakin jandarmomin Nijar masu tsaron hanya ya tsince shi, rabinsa zagi ne bai sani ba, sai da wani malamin makaranta a Maraɗi ya ji shi yana gaishe da mutane da shi ya tausaya masa, ya riƙa koya masa da yamma. Difloma kuwa yana da shekara arba'in da tara ya yi ta, aji ɗaya da sa'annin 'ya'yansa, suna ce masa Baba.

Ba dukiya ce ta fito da sunansa ba, akwai waɗanda suka fi shi nesa ba kusa ba. Abin da ya fito da shi iya shiga tsakani ne. Kalilu ba ya haɗa masu fushi biyu wuri ɗaya, ko da za a yanka shi. Sai ya zaunar da wannan a can, wancan a nan, shi ya riƙa kai da kawowa, yana wanke magana a hanya kafin ya isar da ita.

Wata shekara direbobin ɓangarorin biyu suka yi rikici. Wata mota ta goge wata, aka mari wani, kafin ka ce me an gitta tireloli a titi, 'yan Najeriya ta nan, 'yan Nijar ta can. Kwana biyar ba shiga ba fita, albasa tana ruɓewa a rana, har cikin gari ana jin wari. Kalilu, lokacin yana shugaban 'yan kasuwar hatsi, ya saɓa babbar riga ya riƙa takawa da ƙafa tsakanin shingayen biyu. Direbobinmu suka ba shi saƙon da ba zan iya rubutawa a nan ba, ni malama ce. Ya isa can ya ce, "'Yan'uwanku sun ce a gaishe ku, kuma abin ga da ya hwaru ya hana su cin abinci." Ba ƙarya ya yi ba, masu abinci duk sun gudu. Na can ma suka ba shi tasu ashariyar, ya kawo ta a wanke. A rana ta uku da fara kai da kawowarsa waɗanda suka mari juna suka ci tuwo kwano ɗaya, aka janye motoci.

Ashe a cikin waɗanda rikicin ya tsare akwai wani babban ma'aikaci daga Abuja, yana zaune a mota yana kallon dogon mutumin nan mai kai da kawowa. Shi ya sa aka saka Kalilu a wani kwamitin iyaka na ƙasashen biyu. Bayan shekara huɗu aka kira shi aka ba shi aikin kula da harkar ciniki a ofishin jakadancinmu na Yamai. Ba shi ne babban jakada ba, akwai mutum uku a samansa. Amma mu a Jibiya ba mu san wannan lissafin ba, Jakada dai Jakada ne, har da kiɗa aka yi.

A lokacin babansa ya daɗe da rasuwa, Gwaggo ta koma Tsamiyar Manu wurin Luba, wadda aure ya kai ta can. Na raka shi sallama. Ya sha farar shadda, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta kamar mai neman gafara. Tana jin muryarsa ta juya ta ba ƙofa baya, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

"Luba," in ji ta, "hwaɗa ma mutumin Jibiya Allah shi kiyaye hanya. Shi riƙe salla. Kada shi ci haƙƙin kowa."

Luba tana tsaye a tsakaninsu, ta maimaita masa abin da ya riga ya ji da kunnensa, ta ƙara da cewa, "Ta ce kuma ta yi murna." Ya ce amin, ya gode. A mota na tsokane shi, na ce ga Jakada an sallame shi ta hannun sakatariya. Ya yi dariya, amma har muka iso Magama idonsa na kan gonaki ta taga, ni ma na ji haushin bakina.

Ya yi shekara huɗu a Yamai, aka mayar da shi Dakar. Can ne kewa ta kama shi sosai. Matarsa Hajiya Rukayya ta ce mini ga teku, ga gida mai kyau, ga kifi har ya ishe su, amma mutumin nan in an tashi aiki sai ya bi kasuwa yana neman inda zai ji ana Hausa, ko da faɗa ake yi. Ya saya wa Gwaggo waya, ta ce a ba Luba. Duk Juma'a bayan masallaci zai kira, Luba ta buɗe muryar wayar kowa ya ji, ya yi gaisuwa, Gwaggo ta amsa wa Luba. In an gama sai ya roƙi Luba kada ta kashe, ta ajiye wayar a kan tabarma ta tafi harkarta. Haka zai zauna a falonsa a Dakar yana sauraron tsakar gidan Tsamiyar Manu, akuya na kuka, ana jan guga, Gwaggo tana yi wa jikoki faɗa a kan sun zubar mata da tsaki. Ranar da ya gaya mini wannan ban tsokane shi ba. Tausayinsa ne ya kama ni, har na rasa inda zan sa idona.

Sai ga daminar da aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka. Wanda bai ga Magama a lokacin ba, ba zai gane ba. Motoci sun yi layi iya ganinka, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna dafa shayi, masu ɗaukar kaya sun zama 'yan kallo. Aka kira Kalilu daga Dakar zuwa Abuja, aka sa shi cikin masu shirya yadda za a zauna a yi magana, tunda ya san mutanen can ciki da waje. Aka kuma ba su umarni a rubuce cewa kada ɗayansu ya taka ƙasar Nijar sai da izini. Umarnin kuwa yana kan hanya, don a wannan lokacin ko tari jami'in gwamnati ya yi a can sai an fassara shi.

Cikin wannan hali Gwaggo ta kwanta. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, likitan Ɗan Isa ya duba ya ce zuciya ce ta gaji, a mayar da ita gida a kula da ita. Luba ta tambaye ta ko a sanar da mutumin Jibiya. Ta ce, "Ku ƙyale shi, aikin mutane shikai." A nan Luba ta yi kuskuren da ba ta taɓa yi ba. Hankalinta a tashe, ta kira shi ta ba shi saƙon yadda yake, ba ta wanke ba.

Duk da haka ya taho Jibiya, ya rubuta takardar neman izini, ya zauna jira. Kwana tara. Kullum bayan la'asar sai ya sa a kai shi Magama, ya tsaya a bakin shinge da hannuwa a baya yana kallon titin da ya miƙe arewa. Ma'aikata suna sara masa, suna kawo masa kujera, ba ya zama. Alhali kuwa duk wanda ke garin nan ya san iyakar da aka rufe ta kwalta ce. Ta cikin gonaki mutane na wucewa safe da yamma, masu zuwa suna, masu zuwa gaisuwar mutuwa, masu tallar nono. Ni kaina, da ciwon gwiwata, sau biyu na je na duba Gwaggo a cikin kwana taran nan na dawo. Kalilu da ya san kowace ɓarauniyar hanya tun yana tura keke, shi ne kaɗai ɗan Jibiya da iyaka ta tsare.

Dawowata ta biyu ban ko shiga gidana ba, na wuce nasa. Na same shi a zaure da waya a hannu yana jiran kiran Abuja.

Na ce, "Jakadan Aya, mi kake jira?"

"Takarda, Salmatu. Sun ce ana dubawa."

"Gwaggo ba ta jiran takarda. Jiya ko kunu ba ta sha ba."

Ya sunkuyar da kai. "Ita ta ce a ƙyale ni."

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, "Kai ji mani mutum! Yaushe Gwaggo ta taɓa cewa ka zo? Ran da kunama ta harbe ka ta ce ka zo? Kai ne hwa mai sanin abin da gwamnati ke nuhi in ta yi shiru, amma taka uwar ta gagare ka. In ta buɗe baki ta ce a kira mata kai, ai ta zubar da abin da ta tsare shekara sittin. Ba ta hwaɗi, ko da shi ne numhwashinta na ƙarshe. Kai ne za ka tahi ba a kira ka ba."

Ya ce, "Ba ki gane ba. In anka gan ni a hanyar gona, ba Kalilu za a ce an gani ba, ƙasa za a ce ta aiko ɗan leƙen asiri. Kin ga motocin can? Maganar da muke shiryawa ita za ta tashe su. In na ɓata ta, da wane ido zan dubi direbobin ga?" Sannan ya ƙara da ƙaramar murya, "Kuma in na je ma, bango za ta juya ma."

Na ce, "To je ka ga ƙeyar tata tun tana nan. Nan da 'yan kwanaki ita ma nema za ka yi ka rasa."

Na faɗa na tashi na bar shi, ina tafe ina kuka a titi kamar ba malama ba. Na san maganarsa gaskiya ce, na kuma san tawa ma gaskiya ce, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Da safe ya aiko a kira ni. Na same shi cikin wata tsohuwar riga mai ruwan ƙasa, da hula ta ji jiki, da takalmin roba. Ya ce ya rubuta takardar ajiye aiki, ya aika tun bayan asuba, ya kira maigidansa na ofis ya gaya masa dalili da bakinsa, ya damƙa wa Rukayya fasfonsa na aiki ta ajiye har a zo karɓa. Saura shekara biyu ya gama, kuma ana ta raɗe-raɗin za a ɗaga shi. Ya ce, "Jakada ba shi ƙetarewa. Amma mai aya ba wanda ya hana shi zuwa duba tsohuwarshi." Rukayya tana tsaye a bayansa ido ya yi ja, ba ta ce kada ya tafi ba.

Isah, tsohon abokin cinikinsa, ya kawo babura biyu. Muka bi ta bayan gari muka faɗa cikin gero, ya yi tsawo har ya rufe mu, ganye na marin fuska. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo. A wani kwari babur ɗinsu ya zame, Jakada ya yi zaman dirshan a cikin laka. Na ce masa da ma ministoci na nan su gani. Ya tashi yana karkaɗe riga yana dariya, irin dariyar da rabona da jin ta tun yana saurayi.

A gindin wata bishiyar bedi muka yi kiciɓis da jandarmomi biyu. Babban cikinsu, wani mai ƙiba, ya ƙura wa Kalilu ido.

"Kai ba Alhaji Kalilu ba ne, mai aya?"

"Ni ne."

"An ce ka zama babban mutum."

"Na sauka. Tsohuwata ce ba lahiya, nan Tsamiyar Manu."

Mutumin ya daɗe yana kallon lakar da ke jikinsa, sannan ya ce, "Allah shi ba ta lahiya," ya juya ya shiga gyara igiyar takalminsa har muka wuce.

Gwaggo tana kwance a gadon ƙarfe, ta zama 'yar mitsitsiya. Tana jin sallamarsa a tsakar gida, matar da sai an juya ta, ta tattara ƙarfinta ta ja mayafi ta fuskanci bango. Luba ta ce, "Inna, mutumin Jibiya ya zo." Can Gwaggo ta ce, "A ba shi ruwa. Wa ya ce shi bar aikin mutane?" Luba, da hankalinta ya dawo jikinta, ta juya ta ce masa, "Ta ce sannu da hanya."

Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakin, daga waje. Nan ya zauna kwana uku, salla kawai ke tashinsa. Yana ba Luba labarin Dakar da ƙarfi don a ji a ciki, yadda suke dafa shinkafa da kifi, yadda raguna suke da tsada da layya. Gwaggo takan ce, "Luba, tambaye shi, su can suna da gero?" Ya amsa, Luba ta maimaita. Ni ina gefe ina kallon wannan abu, mutum biyu taku huɗu tsakaninsu, kowanne na mutuwar son ɗan'uwansa, an rasa mai fara karya doka. Ina girmama al'ada, a cikinta na tashi, ni ma ban cika kiran sunan ɗan farina ba. Amma a ranakun nan na ji kamar in ɗauke ta in jefa a rijiya.

A rana ta uku bayan azahar na yi abin da har yau nake neman gafararsa, ko da yake ban yi nadama ba. Na zagaya bayan gida na kwance awakin Luba guda bakwai, na kora su gonar waken maƙwabci, na dawo da gudu ina salati. Luba ta zabura, matan gida da yara duk suka bi ta. Ni kuma na dawo na laɓe a jikin bango kusa da taga, inda nake hango cikin ɗakin.

Gida ya yi tsit. Tari ya sarƙe Gwaggo. Ta ce, "Luba, ruwa." Ba Luba. Ta sake cewa, "Luba." Muryar ta fara shaƙewa.

Kalilu ya waiga dama, ya waiga hagu, ba kowa. Ya miƙe, ya ɗebo ruwa a randa da moɗa, ya tuɓe takalmi ya shiga. Tunda aka yaye shi bai taɓa shiga ɗakinta tana ciki ba. Ya durƙusa a bakin gado, ya sa hannu ya tallafo kanta, ya kai mata moɗar baki. Ta sha idonta a rufe, kurɓi uku. Sannan ta buɗe ido.

Na zaci za ta kau da kai. Ba ta kau ba. Ta dube shi tun daga hula har gemu, a hankali, kamar mai duba zanen da za ta saya. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, da shi, ba da kowa ba:

"Ashe ka yi hurhura."

Mutumin da ya raba direbobi ɗari da baki, wanda ya yi magana a gaban manya da harshe uku, ya buɗe baki ya rufe. Ko "i" bai iya cewa ba. Hawaye kawai ke sauka a cikin gemun da ake magana a kai. Suna nan a haka aka jiyo muryar Luba tana zagin awaki a ƙofar gida. Gwaggo ta zame kanta daga hannunsa ta koma ta fuskanci bango, shi kuma ya fito da moɗarsa ya zauna a tabarma. Luba ta shigo tana haki ta tambaya ko Inna ta nemi wani abu. Ya ce ruwa ne, an ba ta.

Ba ta sake yi masa magana ba. Bayan kwana biyar ta cika, ranar Talata da hantsi, yana zaune a ƙofar. Da shi aka ɗauke ta, shi ya shiga kabari ya karɓe ta.

Izinin da ya nema ya fito muna zaman makoki, wani ya kira ya gaya masa, ya yi godiya. Da aka buɗe iyakar bayan watanni, ba ya cikin waɗanda aka ɗauka hoto. Wasu a gari har yau suna cewa ya yi wauta, ya saki babban aiki saura ƙiris, da ya ƙara haƙuri kaɗan da ya samu duka biyun. Ban sani ba ko da ya samu. Shi dai bai taɓa ce mini ya yi da-na-sani a kan aikin ba. Abin da ke cinsa ɗaya ne, kuma ya faɗa mini ya fi sau goma: ta yi masa magana bai amsa ba. Yakan ce, "Salmatu, kullum sai na samo abin da ya kamata in ce mata. Na yau daban, na jiya daban." Ni ma ina kewarta, amma tawa kewar mai sauƙi ce, don ni ta zage ni ta yabe ni, ta kira sunana ya fi a ƙirga.

Watan jiya aka yi bikin autarsa Mu'minat. Ana saura kwana biyu ina gidan muna ƙulla kayan rabo, ta shigo da ɗan kwalin baƙin shuni na gashi ta zauna kusa da shi tana shagwaɓa.

"Baba, don Allah ka shafa kafin ranar. Za a yi hotuna, kar ƙawayena su ce kakana ne."

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya, suka juyo suna jiran in ɗora nawa, don sun san irin wannan ba ta wuce ni. Kalilu ya karɓi kwalin ya jujjuya shi, ya karanta bayansa, ya mayar mata a tafin hannu ya rufe da nasa.

"Mai da abinki, ɗiyata," in ji shi. "Hurhurar ga, ita kaɗai Gwaggo ta gani a jikina ta yi magana."

Na sunkuya na ci gaba da ƙulla alewa a leda.